Wa Ya Yaye Ka?

Shekara uku da wata huɗu Mujitaba ya yi yana bin motar Baba Shitu, kuma a tsawon wannan lokaci bai taɓa sauko da ita daga kan tudu da kaya a bayanta ba. In motar ba lodi, Baba Shitu kan matsa ya ba shi sitiyari. In hanya ta miƙe a shimfiɗe, kamar daga Tudun Wada zuwa Kwanar Ɗangora, yakan bar shi ya ja ko da masara cike da bodi. Amma da zarar an hango gangara sai tsohon ya yi gyaran murya ya ce, "Faka nan, Mujitaba," su yi musayar kujera. Ba faɗa, ba zagi. Wannan ma shi ya fi ci wa Mujitaba rai, don da mutumin mafaɗaci ne da ya samu dalilin ƙin sa.

Mujitaba fa ba yaro ba ne. Shekararsa talatin da biyu, yana da mata, Suwaiba, da 'ya ɗaya, Rufaida, a sashen da aka yankar masa a gidan mahaifinsa a Bebeji. Acaɓa ya yi ta yi har ƙirjinsa ya fara ciwo, sannan ya jingine babur ya ce babbar mota zai koya. Ya ɗauka abin shekara guda ne. Ga shi yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa, har yau in an tambayi Rufaida aikin babanta sai ta ce yaron mota ne, ta faɗa da ƙarfinta, don ba ta san da ciwo a maganar ba.

Ba wai bai iya tuƙi ba ne, lasisi ma yana da shi a aljihu. Sai dai a harkar manyan motoci ta wannan yanki lasisi ba ya ba mutum mota. Duk mai motar da zai damƙa maka dukiyarsa tambaya ɗaya yake fara yi, "Wa ya yaye ka?" Sai direban da ya koya maka ya tsaya gaban shugabannin tasha ya ce ya yaye ka, ya tsaya maka. Daga ranar, duk abin da ka yi da motar mutane sunansa ake fara kira kafin naka. Shi ya sa tsofaffin direbobi suke rowar wannan kalma, Baba Shitu kuwa ya fi kowa. Tun shekara ta biyu in Mujitaba ya taɓo maganar, amsar ba ta canzawa, "Saura ƙiris."

Ranar da abin ya juya, taya ce ta yi faci a Kwanar Ɗangora da tsakar rana. Mujitaba ya gama kwance ta, ya gangara da ita wurin mai faci, ya zauna a wata rumfa yana cin shinkafa da wake, hannunsa duk baƙin mai. Nan Sagir ya same shi. Tare suka yi acaɓa da can, yanzu shi kamasho yake yi a tasha, kuma bakinsa bai taɓa gajiya ba.

"Kai mutumina, har yanzu kana nan kana goge wa tsohon nan gilashi?" in ji Sagir. Ya ja benci ya zauna, ya sa hannu a kwanon ba tare da an ce masa bismillah ba.

"Saura ƙiris," in ji Mujitaba, shi da kansa ya ji maganar ta yi masa ɗaci a baki.

Sagir ya yi dariya har ya ƙware. Da ya sha ruwa sai ya rage murya ya ce akwai wani direban tirela, Labaran, mai ɗauko taki da siminti daga kudu, yana neman mutum mai hankali da zai riƙa karɓarsa a hanya. "Shi Labaran barci ne sana'arsa, tuƙi a gefe yake yi. Wallahi sati guda ba za ka yi ba zai sakar maka sitiyari. Tirela fa, ba wannan gingimarin da ya girme ka ba."

Mujitaba ya yi kwana biyar yana juya maganar. Gaskiya ba za a ga laifinsa ba. Mutumin da ya shekara uku yana ɗaure tamfol a cikin ruwan sama, yana kwana a ƙarƙashin mota a kasuwannin ƙauye, in aka nuna masa ƙofa ko ƙarama ce zai leƙa. Rana ta shida, bayan sun sauke kaya, ya durƙusa gefen Baba Shitu ya faɗa masa. Ya shirya amsoshi iri-iri don ya zaci za a yi ja-in-ja. Sai tsohon ya ce, "To. Allah ya sa hakan ne alheri. Ka gaida mai ɗakin naka." Shi ke nan. Mujitaba ya tashi da amsoshinsa a ciki.

Sagir bai yi ƙarya ba, ko da yake faɗin gaskiya ba halinsa ba ne. Kwana huɗu da fara tafiya Labaran ya miƙa masa tirela ɗauke da taki, ya haye gadon bayan kujera, ya ce in an kai Zariya a tashe shi. Mujitaba ya karɓi sitiyari da murna. A wata guda ya yi tuƙin da bai yi ba a shekara uku. Ya san Lokoja, ya san Okene, ya koyi ratsa cunkoso da doguwar mota, ya koyi yin ribas cikin lungun da ko akori-kura sai ta yi tunani kafin ta shiga.

Ya kuma koyi firi. Labaran ne ya nuna masa, wata rana a wata doguwar gangara. Ya miƙo hannu daga baya ya buge giyar ta fita, motar ta ci gaba da tafiya da nauyinta kawai, injin ya yi laƙwas ba ya shan gas. Mujitaba ya riƙe sitiyari gam. Ya ce, "Oga, Baba Shitu cewa yake injin ne ke riƙe mota a gangara, ba a raba ta da giya."

"Baba Shitu tuƙin zamanin kakanninmu yake yi," in ji Labaran, yana hamma. "Ga birki a ƙafarka, tsoron me kake ji? Gas ɗin da ka rage a gangara shi ne abincinmu a hanya. Sake ta ta huta."

Ya sake ta. Ba abin da ya faru. Washegari ma ba abin da ya faru, haka watan da ya biyo baya. Tun yana yi da faɗuwar gaba har ya zama ba ya ma sanin ya yi. Da hancin mota ya sunkuya, hannunsa na dama ya riga ya kai kan giya.

Abin da Sagir bai faɗa ba shi ne gajiyar. Sai su yi sati uku ba su ga gida ba. Labaran ya yi ƙiba, Mujitaba ya rame. Idanunsa kullum jajaye, bayansa kamar an ɗaure masa itace. In ya samu kwana biyu a Bebeji barci yake yi har Rufaida ta gaji da leƙo shi ta koma wasanta. Kuma har yanzu sunansa yaron mota, sai dai yaron da yake yin aikin direba duka.

Yana wata na goma a wurin Labaran sai Muhammad, yayan Suwaiba, ya zo da labari. Wani ɗan kasuwar hatsi a Ƙiru, Alhaji Dikko, ya sayi babbar mota don ɗaukar masararsa daga Doguwa zuwa Dawanau, yana neman direba ɗan yankin, mai iyali. Muhammad ya riga ya yi masa maganar surukinsa. Suka je tare ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Alhaji Dikko ya karɓe su a zaure, aka gaisa, aka tambayi iyali da damina. Ya dubi Mujitaba sama da ƙasa, da alama ya yi masa. Sannan ya ce, "Wa ya yaye ka?"

Mujitaba ya ce yana tare da Labaran yanzu, amma a wurin Baba Shitu na Tudun Wada ya fara.

"To cikin su wa zai tsaya maka?" in ji Alhaji. "Ko wanne ne, ya zo ya faɗa gaban ciyaman ɗin tasha, ka ɗauki makulli. Sati biyu zan iya jira, kaka ta kama."

Wurin Labaran Mujitaba ya fara zuwa. Ya same shi a Kwanar Ɗangora ya sa ana wanke masa tirela. Labaran ya saurare shi yana sakace, sannan ya girgiza kai. "Ni fa da hannunka na same ka. Ban koya maka komai ba, aiki muka yi tare. Wata goma ake yaye mutum? In na je na faɗa, ciyaman ɗin Tudun Wada dariya zai yi mini, sun san kai yaron Shitu ne. Kuma ni ka san ni, ba na ɗaukar nauyin kowa a wuyana." Ya faɗa ba tare da mugunta ba, har ya saya masa lemo. Mujitaba ya riƙe kwalbar har ta huce bai sha ba.

Kwana uku ya yi yana jan ƙafa kafin ya hau motar Tudun Wada. Kunya ce fal cikinsa. Ya sami Baba Shitu a gindin wata bishiyar mangwaro a bakin tasha, yana duba man injin gingimarinsa. Tsohon ya ƙara ranƙwafawa, ko kuma idon Mujitaba ne ya manta. Mujitaba ya cire takalmi ya durƙusa.

"Maigida, barka da rana. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Mujitaba. Ya hanya? Ya mai ɗakin naka da 'yar tawa?"

Sai da aka gama gaisuwa tsaf, sannan Mujitaba ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa. Baba Shitu ya goge hannu da tsumma a hankali. Bai yi gori ba, bai tuna masa yadda suka rabu ba.

"Wata goma ban ga hannunka ba," ya ce. "Ba zan yi shaida a kan abin da ban gani ba. Jibi zan ɗauko masara a bayan Riruwai. Kai za ka sauko da ita. In ka shigo da ita tashar nan da hannunka, ina gefenka, to magana ta ƙare. Ka gaya wa Alhajin ya zo da la'asar."

Haka ake yi dama. Wanda za a yaye shi ke shigo da mota tasha, maigidansa na zaune a kujerar gefe, kowa ya gani da idonsa kafin a ce komai.

Ranar, tun da hantsi aka gama lodi a wani ƙauye da ke tsakanin duwatsu. Masara har saman bodi. Mujitaba ya zagaye motar ya bubbuga tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ja igiyoyin tamfol, ya tayar da injin ya jira har allurar agogon iska ta hau inda ya kamata, don birkin waɗannan motoci da iska yake aiki. Baba Shitu ya hau ta ɗaya ƙofar ya zauna, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Mujitaba ya yi bismillah ya ja.

Gangara ta farko mai tsanani ce, da kwana a ƙarshenta. Tun daga sama ya sa giya ta biyu, ya bar injin yana gurnani yana riƙe nauyin, ƙafarsa tana ɗan taɓa birki kawai. Suka sauka sumul. Gangara ta biyu ma haka. Gumi ya jiƙa masa riga. Ta gefen ido ya ga tsohon ya gyaɗa kai sau ɗaya. Shekara uku yana neman wannan gyaɗa kan, sai yau ya gani, wani sanyi ya ratsa masa zuciya.

Daga nan duwatsun suka fara ja da baya. Baba Shitu ya saki jiki, ya fara hira, abin da ba ya yi da can. Ya tambayi ko an sa Rufaida a makaranta. Mujitaba ya ce an sa ta, har ta iya rubuta sunanta, sai dai harafin farko kullum a juye take yin sa. Tsohon ya yi dariya. Mujitaba ma ya yi. Suna cikin wannan hanya ta ɗan sunkuya, doguwar gangara ce mai sauƙi, miƙaƙƙiya, ba kwana ba rami, irin wadda ko mai keke ba ya tsoro.

Mujitaba bai san lokacin da ya yi ba. Abin da ya fara ji shi ne shiru. Gurnanin injin ya ɗauke, sai kukan tayoyi a kan kwalta da iska tana kaɗa tamfol. Ya duba, ya ga hannunsa a kan giya, giyar kuma a firi.

Ya taka kuloci ya nemi mayar da ita. Motar ta riga ta ɗauki gudu, giyar ta yi ƙara ta ƙi shiga. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Sai ya koma kan birki, yana takawa yana saki, yana takawa yana saki, iska tana fita tana huci. Nauyin masarar yana turo su daga baya. A hankali gudun ya ragu, hanya ta daidaita, giyar ta shiga. Ba abin da ya faru. Wasu mata masu tallar nono da ke tafiya a gefen titi ko waiwayowa ba su yi ba.

"Faka nan, Mujitaba," in ji Baba Shitu.

Ya faka. Tsohon bai dube shi ba, yatsa kawai ya miƙa ya nuna agogon iska. Allurar ta sauko har ta kusa taɓa ja.

"Da gangarar nan ta ƙara tsawon gona ɗaya, da me za ka taka?"

"Maigida, kuskure ne. Wallahi ban san na yi ba."

"Na sani. Shi ne abin da ya dame ni." Baba Shitu ya numfasa, muryarsa duk gajiya. "Da da gangan ka yi, sai in yi maka faɗa ka daina. Wannan kuwa ba kai ka yi ba, hannunka ne ya yi, kuma hannu ba ya jin faɗa. Kana tsammani don mugunta nake karɓe motar a gangara? Jira nake jikinka ya saba da tsoron ta, har ya zama ko kana hira, ko kana gyangyaɗi, ba za ka raba ta da giya ba. Ka kusa. Yanzu an zuba maka wani abu daban a wurin."

Mujitaba ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Maigida, ka rufa mini asiri. Alhaji yana can yana jira. Na yi maka alkawari ba zan ƙara ba."

"Yau ma ai ba ka yi niyya ba." Tsohon ya ƙara da cewa, "Ka iya tuƙi, Mujitaba. Ka fi ni iya ribas yanzu, na gani a wurin lodi. Amma in na ce na yaye ka, cewa na yi na san abin da hannunka zai yi ranar da ba na nan. Ban sani ba. In kana so ka dawo, kujerarka tana nan."

"Sai yaushe ke nan?"

"Sai na ga hannun ya daina kai kansa can. Ban taɓa cire wa mutum abin da wani ya sa masa ba, ban san kwana nawa yake ɗauka ba."

"Alhaji ba zai jira ba."

"Ba zai jira ba," in ji Baba Shitu, ya buɗe ƙofarsa.

Suka yi musayar kujera a gefen titi, kowa ya zagaya ta gaban motar, ba wanda ya kalli wani. Tafiyar da ta rage ba ta da yawa, amma Mujitaba bai taɓa yin mai tsawonta ba. Suka ratsa dajin Falgore ba magana. Bai ji haushin tsohon ba, bai ma ji haushin Labaran ba. Gajiya ce kawai ta sauko masa gaba ɗaya, ta shekara huɗu da wani abu, har ɗaga hannu ya kore ƙuda ya zama aiki.

Da suka hango rufin gidajen Tudun Wada sai Baba Shitu ya rage gudu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "In kana so in sauke ka a nan, sai in ce musu wani uzuri ya taso maka."

Mujitaba ya dubi gefen titin. Akwai masu babur a tsaye, minti biyu zai ɓace. Ya daɗe yana kallon su.

"Mu je, Maigida," ya ce.

An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfar ofishin tasha. Ciyaman na zaune, ga Alhaji Dikko cikin farar babbar riga, ga Muhammad, ga direbobi biyar ko shida da suka ji labari suka tsaya. Da gingimarin ya kunno kai duk suka miƙe, idanunsu a kan gilashin gaba. Muhammad ya fara ɗaga hannu yana murmushi, sai hannun ya tsaya a sama, ya sauko a hankali.

Motar ta tsaya. Baba Shitu ya sauko ta ƙofar direba. Mujitaba ya sauko ta ɗaya ƙofar.

Ba wanda ya yi tambaya. Alhaji Dikko ya gaida Baba Shitu da girmamawa, ya tambaye shi hanya, ya tambayi yadda masara ta yi bana a can sama. Suka ɗan taɓa hirar farashin taki. Sannan ya duba agogonsa ya ce yana so ya kai Ƙiru kafin magariba, ya yi sallama da kowa, har da Mujitaba, ya shiga motarsa.

Dama Muhammad ya zo da ƙullin goro da dabino don addu'a, yana ajiye a tsakiyar tabarma. Ciyaman ya dubi ƙullin, ya dubi mutanen da ke tsaye, ya ce tunda an riga an kawo ai ba za a mayar da shi ba. Ya kwance ya fara rabawa, daga manya zuwa ƙasa, sai da ya gama da direbobi sannan ya zo kan yaran mota. Ya miƙo wa Mujitaba nasa. Mujitaba ya ɗan rusuna ya karɓa da hannu biyu, ya ce an gode.